Ɗan Baya Ba Ya Nuna Da Wuri

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musamman kociyoyin unguwa da malaman motsa jiki na makarantu, domin maganar yau taku ce. Tambaya ɗaya za mu bi: idan ka ga yaro ɗan shekara goma sha bakwai yana tsaron baya, ta yaya za ka gane ko zai iya cin abinci da ƙwallo?

Kafin mu shiga filayenmu, ku ba ni aron kunnuwanku mu je wata ƙasa mai nisa, wajen wani wasa da ba ma yinsa, saboda akwai ɗan Zariya a ciki.

Sunansa Rumun Ndur. An haife shi a Zariya ran 7 ga Yuli, 1975, Zariyar nan da motoci ke wucewa ta Kwanar Ɗangora zuwa gare ta dare da rana. Yana ƙarami aka tafi da shi Kanada, ya tashi a lardin Ontario, inda ruwa ke daskarewa wata da watanni. Can ya koyi hokin ƙanƙara, ya kuma zama mutum na farko haifaffen Najeriya da ya buga babbar gasar wannan wasa ta Arewacin Amurka, wadda ake kira NHL. Gurbin da yake bugawa kuwa, baya.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Fili ne na ƙanƙara mai santsi, tsawonsa kamar mita 61, faɗinsa kamar mita 26, an zagaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Takalmansu na da kaifin ƙarfe a ƙasa, da shi suke zamiya a guje, kowa riƙe da doguwar sanda yana kora wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri. Ana yin zubi uku, kowanne minti ashirin. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika minti guda a fili sai ya fita wani ya shigo. Mutanen Riruwai na alfahari da sanyinsu na hunturu, kuma sun cancanta, amma har yanzu bai kai a yi wannan wasa a kan ruwan Tiga ba.

Abin da ya sa na ɗauko wasan shi ne, waɗannan mutane suna da wata al'ada da ke tona asirin masu hasashe. Duk shekara ƙungiyoyin gasar na taruwa su zaɓi matasa 'yan shekara goma sha takwas, ɗaya bayan ɗaya, galibi waɗanda suka ƙare a ƙasan tebur su ne ke fara ɗauka. Ana rubuta lambar kowa: wane ne na ɗaya, wane ne na hamsin, wane ne na ɗari biyu. Bayan shekara goma ko ashirin sai a buɗe littafi a ga wanda ya yi gani da kyau da wanda ido ya yaudara. Mu a nan babu littafi. Kowane mai shayi zai ce maka shi ne ya fara gano Ahmed Musa, kuma ba mai ƙaryata shi.

A zaɓen 1994, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauki Rumun Ndur a zagaye na uku, shi ne na 69. Abin da aka gani a jikinsa ba ɓoyayye ba ne: ƙato ne, ga ƙarfi, ba ya tsoron kowa, kuma a wasan da ake barin mutum biyu su dambace kafin a kore su na minti biyar, irinsa na da kasuwa. Ya yi shekaru yana kai-komo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta ta Rochester. Daga baya ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers. Jimilla wasa 69 ya yi a babbar gasar, ya ci ƙwallo biyu, ya bayar aka ci uku, ya kwashi minti 137 na hukunci a benci. Bayan shekarar 2000 bai sake komawa ba, sai ƙananan gasanni da Turai, har ya buga wa Coventry Blaze a Ingila.

Kada wani ya ji wannan ya raina shi. Da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka a zagaye na uku ba sa taka ƙanƙarar babbar gasa ko sau ɗaya. Ya kai inda dubbai ba su kai ba. Amma ƙarfin da ya buɗe masa ƙofa bai isa ya zaunar da shi a ɗakin ba.

To ku ajiye shi a gefe, ku dubi wani. A zaɓen 1989, Detroit Red Wings ta ɗauki wani siririn yaro ɗan ƙasar Suwidin, Nicklas Lidström, shi ma a zagaye na uku, na 53. Wato sau hamsin da biyu ana kiran sunan wani yana zaune. A garinsu ma ba kullum ake sa shi a wasa ba. Ba ya faɗa, ba ya bangazar mutane da katanga, ba ya yin abin da zai sa 'yan kallo su miƙe. Sai 1991 ya shigo gasar. Ya yi kaka ashirin a ƙungiya ɗaya, wasa 1,564, ya ɗauki babban kofi sau huɗu, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan baya sau bakwai. Minti 514 kacal ya yi na hukunci a duk tsawon wannan zamani. Ku yi lissafi da kanku: Ndur kusan minti biyu a kowane wasa, Lidström kuwa sai ya yi wasa uku kafin ya tara minti ɗaya. Ga kuma abin da na fi so ku riƙe. Kyautarsa ta farko ta zo ne a 2001, yana da shekara 31. Ta ƙarshe a 2011, yana da 41.

Haka Zdeno Chara ɗan Sulobakiya, dogo mai mita biyu da 'yan kai. Na 56 ne a 1996, ana ganin tsawonsa ya yi masa yawa, ƙafafunsa ba sa jin magana. Ƙungiyar da ta ɗauke shi, New York Islanders, ta musanya shi da wani a 2001. Ya zama gwarzon ɗan baya a 2009, ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin ɗin Boston a 2011, bai ajiye sanda ba sai da ya kai 45. Duncan Keith na Chicago, na 54 ne a 2002, shi kuma an ce ya yi ƙanƙanta. Kofi uku ya ɗauka. Waɗannan fa mutane ne masu kuɗi, masu ma'aikatan da ba su da aiki sai yawon kallon yara, masu na'urorin awo da faifan bidiyo na kowane wasa. Duk da haka ɗan baya na kuɓuce musu. Ina ga mu da ke yanke hukunci a wasa ɗaya na yammacin Juma'a?

Dalilin a fili yake. Aikin ɗan gaba ana ganinsa, domin ƙwallo ko ta shiga raga ko ba ta shiga ba. Aikin ɗan baya mafi kyau shi ne abin da ya hana faruwa, kuma abin da bai faru ba ba a yi masa tafi. Sannan rabin aikin a ka yake: sanin inda hatsari zai ɓullo, sanin lokacin shiga da lokacin jira. Wannan sani ba ya samuwa sai an yanke ka sau ɗari, an ci ku ta gefenka, ka kwana kana juyi. Manoman Tudun Wada da Doguwa sun fi ni sanin cewa gero da dawa ba rana ɗaya suke nuna ba. Ɗan gaba gero ne, tun damina ba ta ƙare ba an fara tumu. Ɗan baya dawa ce, wanda ya yanke ta ranar yankan gero ya yi asarar gona.

Mu dawo gida. Wane yaro muke kira ɗan baya mai kyau a Kiru ko a Bebeji? Wanda ya fi kowa ƙirji. Wanda idan ƙwallo ta zo zai ɗauke ta da wawan duka ta haye bishiyar darbejiya. Wanda 'yan gaba ke tsoron kusantarsa saboda sun san ko ƙwallo ta wuce su ba za su wuce ba. Shi ake ba lamba biyar, shi ake yi wa kirari, shi ake liƙa wa kuɗi a goshi bayan an tashi.

Na taɓa tsayawa a bakin wani filin firamare a yankin nan ana wasan kofin Sallah. Filin burji ne da tsakuwa, an ja layi da toka, turakun raga na katako, babura sun kewaye ko'ina. Ƙungiya ɗaya na da 'yan baya biyu a tsakiya. Ɗaya ƙato ne, gwiwoyinsa duk sun goge saboda zubewa ƙasa, duk shigar da ya yi sai ƙura ta tashi, jama'a su ɗauki ihu. Ɗayan siriri ne, rigar ma ta yi masa yawa. Na sa masa ido na kusan kwata guda. Duk sanda ƙwallo ke can gefen hagu, sai ya waiga dama, ya duba inda ɗan gaban da ke bayansa yake, ya sake waigawa. Akwai lokacin da ɗan tsakiyar abokan hamayya ya ɗaga kai zai zura ƙwallo ta tsakaninsu. Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙwallon, siririn nan ya riga ya matsa taku biyu zuwa cikin ramin. Ƙwallo ta zo ta same shi a tsaye, ya tare ta da cikin ƙafa, ya tura wa lamba takwas ɗinsu fasin na mita goma, ya koma wurinsa. Ko tari ba wanda ya yi.

Wani dattijo da ke kusa da ni a kan benci ya ce, "Malam, wancan yaron ai ba ya wasa, ko gumi bai yi ba." Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, ai shi ya sa ba a ci su ba tukuna." Ya yi dariya ya ce shi dai a ba shi mai tayar da ƙura. Ban ga laifinsa ba, kallo ya zo yi. Amma koci ba ɗan kallo ba ne, kuma bai kamata ya yi hukunci da idon ɗan kallo ba. Ƙaton nan yana yawan zubewa ƙasa ne saboda yana yawan makara. Abin da ke kai shi ga ƙwallo a ƙauye, wato ya fi kowa ƙarfi, ranar da ya je gwaji a Kano zai tarar kowa na da shi.

A hokin ƙanƙara, abu na farko da masu farautar 'yan wasa ke duba a jikin ɗan baya shi ne yadda yake tafiya da baya. Ɗan gaba na tahowa a guje da fuskarsa, shi kuma dole ya ja da baya da gudun da ya yi daidai da nasa, yana fuskantarsa, tazarar da ke tsakaninsu kada ta yi yawa har a samu damar bugawa, kada ta yi kaɗan har a kewaye shi. Idan aka jefa faifan bayansa, sai a ga yadda zai juya ƙugu ya bi. A ƙwallon ƙafa ma haka abin yake, sai dai ba mu cika kula ba. Ku sa yaro a gaban ɗan gaba mai gudu, ku daina kallon ƙwallon, ku kalli ƙafafunsa da ƙugunsa. Yana tsayawa ne ƙafafu a jere kamar mai jiran hoto, ko yana karkata jiki yana kora ɗan gaban zuwa gefen layi, zuwa ƙafarsa mara ƙarfi? Idan aka wuce shi ta hagu yana juyawa da sauri kamar yadda yake yi ta dama? Yawancin yaranmu gefe ɗaya suke iya juyawa, kuma ƙwararren ɗan gaba ba ya buƙatar minti goma kafin ya gano wane gefe ne.

Sai abin da yake yi da ƙwallo idan ya ƙwace ta. Masu hoki suna ba fasin na farko muhimmanci ƙwarai, wanda ke fitar da ƙungiya daga gidanta, har suna cewa a nan ake bambance ɗan baya na gaske. Dubi duk wasan da kuke kallo a gidan kallo a Tudun Wada ranar Asabar: daga mai tsaron gida ake fara gini, ɗan baya ya karɓa ana matsa masa, ya nemi ɗan tsakiya. Yaron da aka raina a kan "fitar da ita, fitar da ita" zai isa wurin gwaji da hannu ɗaya a ɗaure. A nan dole in yi wa yaranmu adalci. A filin da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, wanda ya tsaya tarewa a gaban ragarsa ganganci ya yi, kuma idan ta kuɓuce aka ci, har gida za a bi shi da zagi. Filin ne ya koya masa duka. Don haka idan za ka auna ƙafarsa, ka kai shi inda ƙasa ta kwanta, ko da dandamalin siminti ne, ku yi 'yar huɗu-huɗu a ƙuntataccen wuri, ka ga ko yana ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi.

Akwai kuma baki. Ɗan baya na ganin fili gaba ɗaya, shi ya kamata ya riƙa jan layi, yana cewa wane matso, wane bar shi, a fita a bar su a satar gida. Yaron da ke magana yana da shekara goma sha shida, har manya na bin umarninsa, ka rubuta sunansa. Marigayi Stephen Keshi da bakinsa ya shugabanci bayan Najeriya kafin ya shugabanci benci. Sannan ka jira ranar da zai yi kuskure a ci su, domin ranar ce ta fi kowace faɗa maka gaskiya. Wani daga nan wasa ya ƙare masa, sai neman wanda zai rama a kansa har ya karɓi jan kati. Wani kuwa zai tofar da yawu ya nemi a ba shi ƙwallo ta gaba.

Tsawo fa? Yana da amfani, ba musu, musamman a tsakiya. Amma Fabio Cannavaro na Italiya bai kai mita ɗaya da tamanin ba, ya kuma ɗauki kofin duniya da kyautar gwarzon duniya a 2006, shekarar da ya cika 33. Wannan ya isa.

Yanzu ga ƙashin bayan matsalar, wanda kowa ya sani ake kau da kai: shekaru. A tsakiyar shekarun 1980, wani masani a Kanada, Roger Barnsley, ya lura cewa a cikin manyan matasan 'yan hoki, waɗanda aka haifa a Janairu da Fabrairu da Maris sun rinjayi waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, ana raba yara rukuni-rukuni ne daga 1 ga Janairu. Yaron Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara, ya fi shi jiki, sai koci ya ɗauka ya fi shi iyawa, a ba shi horo mai kyau da wasanni masu yawa, a bar ɗayan a baya. Tazarar wata goma sha ɗaya ke nan, a ƙasar da kowa ke da takardar haihuwa ta gaskiya. To ina ga inda tazarar ta kai shekara huɗu ko biyar? Mai shekara ashirin da biyu da ke buga gasar 'yan ƙasa da goma sha bakwai ba ya buƙatar karanta wasa, kafaɗa kawai zai sa. Zai yi fice, a ɗauke shi, alhali ya riga ya gama girma, abin da aka gani shi ke nan. Yaron gaskiya kuma, mai goma sha shida, wanda jikinsa bai gama haɗuwa ba, an tura shi benci, daga benci ya koma acaba.

Ba zargi nake yi a iska ba. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009 hukumar FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya a lokacin. A karkara abin ya fi wuya, don sau da yawa ba ma ƙarya ba ce, ba a rubuta ranar haihuwar ba ne tun farko. Amma akwai hanya. Rajistar shiga firamare na nan, katin rigakafi na nan a wasu gidaje, uwa kuma ba ta manta daminar da ta haihu. Kocin da ke son sanin gaskiya zai sani.

Ko da shekarun daidai suke, hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Ku tuna Musa Muhammed, ɗan Kano, lamba biyu, kyaftin ɗin tawagar da Manu Garba ya kai Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013. A wasan ƙarshe da Meziko aka ci uku da nema, shi ya ci ta ukun da bugun tazara. A ranar, da an tambayi kowa a Kano wane ne zai riƙe gefen damar Super Eagles shekara goma, da sunansa za a kira. Ya tafi Istanbul Başakşehir a Turkiyya, wuri bai samu ba, aka yi ta ba da shi aro a Bosniya da Bulgeriya, daga baya ya zauna a Kuroshiya. Ya yi sana'arsa, ya ci halalinsa, ba abin kunya a ciki. Sai dai ku dubi Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, wanda ba a yi ta buga sunansa a gasar matasa ba. Ya je Fotugal ya yi ta fama a ƙaramar ƙungiyar Mirandela, ya hau zuwa Santa Clara, sai a 2020 Porto ta saye shi yana da shekara 23. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Virgil van Dijk da yaranmu ke sa rigarsa, yana matashi a Willem II wanke-wanke yake yi a gidan abinci, ƙungiyar ba ta yi saurin ba shi kwantiragi ba ya tafi Groningen. Sai da ya bi ta Celtic da Southampton kafin Liverpool ta biya fam miliyan 75 a kansa a Janairun 2018, yana da 26. William Troost-Ekong kuma yana da 30 aka zaɓe shi gwarzon gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa.

Wannan ne ya sa nake jin haushin yadda ake gwaji a wurinmu. A tara yara ɗari biyu ko uku a fili ɗaya, a raba su, kowa ya samu minti ashirin tare da mutanen da bai taɓa gani ba. Ɗan gaba na iya yanke mutum biyu ya buga, an gan shi. Ɗan baya fa? Aikinsa na tare da na kusa da shi ne, ga shi bai san ko sunansa ba. Abin da ya rage masa don a lura da shi shi ne ya kwashe ƙafar wani. Wato tsarin da kansa yana zaɓo mana mai keta, yana mayar da mai hankali gida. Yaron da ya taso daga Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya kashe kuɗin mota da na kwana, a sallame shi a minti ashirin. Masu hoki sukan bi yaro kaka guda ko biyu, su gan shi a gida, su gan shi a waje, su gan shi ranar da aka lallasa ƙungiyarsa, su tambayi malamansa halinsa, kuma duk da haka kun ji yadda suke kuskure.

Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Jihar da ke da wannan tarihi, da gasar matasa irin kofin Ramat da ake yi a Kano, bai kamata idonta ya tsaya a cikin ƙwaryar birni ba. Daga filin wasa na Sani Abacha zuwa Bebeji ba tafiyar kwana ba ce. Ina ganin da masu neman 'yan wasa za su riƙa fitowa gasannin ƙananan hukumomi su zauna tun daga wasannin rukuni, ba ranar ƙarshe kaɗai da ake raba kofi da jawabai ba, da sun ga abin da gwajin kwana uku ba zai nuna musu ba.

Ku kuma iyaye, kalma ɗaya a kan masu zuwa da jaka da alƙawarin Turai. Dokar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan togaciya kaɗan da ba su cika shafar yaranmu ba. Ƙungiyar da ke son ɗanka da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi don biza, a tambaye shi takardar gayyata da sunan ƙungiyar, a kai wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta duba. Kuma ko ta tabbata, ɗan baya mai shekara goma sha takwas ya fi buƙatar wasa talatin a kaka, ko a ƙaramar gasa ce, a kan zaman benci a ƙasar da bai san yarenta ba.

Kociyoyi, ku sayi littafin rubutu na naira kaɗan. Kowane yaro a ba shi shafi: shekararsa ta gaskiya, ƙafar da yake bugu da ita, gefen da yake kasa juyawa, sau nawa aka wuce shi a wasa, sau nawa fasin ɗinsa na farko ya isa hannu. A sake dubawa bayan wata shida. Yaron da shafinsa ke canzawa shi ne abin nema, ko da yau bai fi kowa ba. Kuma siririn nan da kuke shirin mayarwa gefe saboda ƙato ya ture shi, ku bar shi a tsakiya har damina biyu, ku haɗa shi da babba mai magana, ku ce wa mahaifiyarsa ta ƙara masa wake da ƙwai in da hali.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan masu tsaron gida, waɗanda su nasu jiran ya ma fi na ɗan baya tsawo.